YOHANNA WESLI, MUTUMIN DA YA AUNA CINSA

Kaka ta yi. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum waɗanda suka sami damar noma sun yanke gero sun ɗaure dammuna, dawa kuma ta kusa shiga rumbu. Ba da daɗewa ba za mu yi sujadar godiya ta kaka, sa'an nan Kirsimati, sa'an nan bukukuwan aure su biyo baya. Lokacin yanka ke nan da cika akushi.

Akwai wani zunubi wanda ba safai muke jin wa'azinsa a majami'unmu ba. Mukan tsauta wa mashayi, da mazinaci, da ɓarawo, amma mai zarin ci yakan zauna a bencin gaba ba mai ce masa kome. Littafi Mai Tsarki kuwa, a cikin Misalai 23:20-21, ya jera mashayi da mai haɗamar nama wuri ɗaya, ya nuna ƙarshensu duka talauci ne. Saboda haka a wannan wata muka kawo muku labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila, Yohanna Wesli, wanda Turawa suke kira John Wesley. Da yawa a cikinmu sun san shi mai wa'azi ne. Kaɗan ne suka san yadda ya bi da cikinsa, da dalilin da ya sa ya yi haka.

GIDAN IYAYENSA

An haifi Yohanna ran 28 ga Yuni 1703, bisa ga lissafin kwanaki na yanzu, a wani ƙaramin gari mai suna Epworth. Ubansa Sama'ila shi ne limamin ekklesiyar garin. Uwarsa Susanatu ta haifi 'ya'ya 19, amma da dama sun mutu tun suna jarirai. Gidan ba mai wadata ba ne. A shekara ta 1705 har aka kulle uban a kurkuku 'yan watanni saboda bashi, uwar ta sha wahalar neman abin da za ta ba yara.

Susanatu mace ce mai tsari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita kuwa ta fara da akushi. Sau uku ake cin abinci a gidanta. Tsakanin ci da ci ba yaron da zai sa wani abu a baki, sai ko mara lafiya. Ba a yarda yaro ya lallaɓa madafa ya roƙi masu girki ba. Abin da aka dafa wa gida duka, shi kowane yaro zai ci, ba zaɓe. Da safe abu iri ɗaya tak ake ba su, mai ruwa-ruwa kamar kununmu, shi ma da awo. Saboda sun saba cin abin da aka ba su, in ciwo ya zo ba su ƙin shan magani kome ɗacinsa.

A watan Fabrairu 1709 gobara ta kama gidan da dare. Kowa ya fita, sai Yohanna, yana ɗan shekara 5, aka bar shi a bene. Maƙwabta suka hau kafaɗar juna suka jawo shi ta taga, rufin kuwa ya rufta nan da nan. Tun daga ran nan uwarsa ta ɗauka Allah ya ajiye yaron nan domin wani aiki, shi ma da ya girma bai manta ba. Ya san ransa da jikinsa ajiya ce aka ba shi.

A 1714 aka kai shi makarantar kwana ta Charterhouse a Landan. A can manyan yara sukan ƙwace naman ƙanana. Daga shekara 10 zuwa 14 kusan gurasa kaɗai yake ci, ita ma ba mai yawa ba. Ubansa ya umarce shi ya riƙa zaga filin makarantar da gudu sau uku kowace safiya, ya kuwa kiyaye. Da ya tsufa ya ɗauka waɗannan shekaru ne suka kafa harsashin lafiyarsa. Mu dai ba mu yaba wa manyan yaran nan ba, gama ƙwace ƙwace ne, za mu kuma komo kansu a gaba.

LIKITAN DA ƘIBA TA KUSA KASHEWA

A 1720 Yohanna ya shiga jami'ar Oksfod. Yana can wani littafi ya fito a 1724 a kan lafiya da tsawon rai, wanda Likita George Cheyne ya rubuta. Labarin likitan nan abin tsoro ne. Mutumin Sikotilan ne, ya zo Landan neman masu jiyya. Hanyar samunsu a zamanin kuwa ita ce zama da masu kuɗi a gidajen ci da sha. Ya yi ta ci, ya yi ta sha, har nauyinsa ya kai laba 448, watau kusan kilo 200. Numfashi ya gagare shi, hawa bene ya zama masa aiki, baƙin ciki ya rufe shi. Da ya ga kabari kusa, sai ya bar nama da barasa ya koma ga madara da hatsi da ganye. Jikinsa ya sauka, ƙarfinsa ya komo, ya rayu har ya haura shekara 70. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yohanna ya karanta littafin, ya rubuta wa uwarsa labarinsa, ya soma rage ci yana shan ruwa a maimakon giya.

Aka naɗa shi mai hidimar ekklesiya a 1725, ya zama malami a jami'ar a 1726. Daga 1729 ya shugabanci wata ƙaramar ƙungiya wadda ƙanensa Charles ya fara. Suna karatun Littafi Mai Tsarki tare, suna ziyarar 'yan kurkuku da marasa lafiya, daga baya suka ɗauki azumi ran Laraba da ran Jumma'a har ƙarfe 3 na yamma. Sauran ɗalibai suka yi musu ba'a, suka laƙaba musu sunan Metodis, watau masu yin kome bisa tsari. Sunan ya bi su har yau.

A nan ne ya koyi haɗa awon ci da bayarwa. Daga baya ya ba da labarin wani a cikin ƙungiyar, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne da kansa. Mutumin yana samun fam 30 a shekara, ya rayu a kan 28, ya ba da 2. Da samunsa ya kai fam 60, ya rayu a kan 28, ya ba da 32. Da ya kai 90 ya ba da 62, da ya kai 120 ya ba da 92. Samu ya ƙaru har ninki huɗu, akushinsa bai ƙaru ba.

Amma abin bai tafi sumul ba. A 1732 wani saurayi daga cikinsu, William Morgan, ya yi ciwo ya mutu. Magana ta bazu a gari cewa azumin su Wesli ne ya kashe shi. Yohanna ya rubuta wa uban yaron doguwar wasiƙa ya bayyana masa dukan abin da suke yi. Uban ya gamsu, har ya aiko da ɗansa na biyu ya yi karatu a hannunsa. Duk da haka mutuwar nan ta zama gargaɗi. Da Yohanna ya yi wa'azi a kan azumi bayan shekaru, ya ja kunnen mutane kada su azumta har su lalata jikin da Allah ya ba su domin aikinsa.

AZUMI BAI BA SHI SALAMA BA

A watan Oktoba 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta ƙasar Amurka domin aikin bishara. A cikin jirgin ya ƙara matsa wa kansa. Ya bar nama da ruwan inabi, ya tsaya ga shinkafa da busasshiyar gurasa, daga baya ya bar cin jibi ma. Ananan sai hadari mai tsanani ya taso a teku, ruwa ya kwararo cikin jirgin. Turawan Ingila suka yi ta kururuwa. Akwai kuwa waɗansu masu bi daga Jamus, ana ce da su Morabiyawa, su da matansu da 'ya'yansu, suka ci gaba da waƙar sujada ba razana. Yohanna ya duba zuciyarsa ya tarar yana tsoron mutuwa. Ga shi limami, ga shi mai azumi, ga shi ya hana wa kansa nama, amma ba shi da abin da matan nan suke da shi.

Aikinsa a Jojiya bai yi albarka ba. Ya komo Ingila a farkon 1738 da karyayyar zuciya. Ran 24 ga Mayu 1738 da dare ya tafi wani taron addu'a a titin Aldersgate a Landan, ba da son ransa ba. Wani yana karanta gabatarwar da Martin Luta ya rubuta a kan Wasiƙar Romawa. Wajen ƙarfe 9 saura kwata ya ji wani ɗumi a zuciyarsa, ya tabbata ya dogara ga Kristi kaɗai domin ceto, an kuma ɗauke zunubansa.

Mu lura da wannan da kyau, 'yan'uwa, gama nan ne gindin maganar. Ƙin cin nama bai cece shi ba. Manzo Bulus ya koya mana a 1 Korintiyawa 8:8 abinci ba ya kai mu kusa da Allah, a Romawa 14:17 kuma ya nuna mulkin Allah ba zancen ci da sha ba ne. Bayan daren nan Yohanna bai watsar da awon cinsa ba, dalilin ne ya sāke. Dā yana aunawa domin ya sami karɓuwa wurin Allah. Yanzu yana aunawa domin an riga an karɓe shi, jikin nan na Ubangiji ne, akwai kuma aiki mai yawa a gaba.

 Da waɗansu suka ɗauka ya mai da ƙin cin nama farilla, sai ya koma cin nama a fili, domin kowa ya gani bai mai da shi doka ba. Daga baya, bisa shawarar Likita Cheyne, ya sāke barinsa na ɗan lokaci saboda lafiyarsa. Ya bayyana wannan a wasiƙarsa ga Bishof na Landan a 1747.

A KAN DOKI

Ran 2 ga Afrilu 1739 ya fara wa'azi a fili a Bristol, gama an rufe masa ƙofofin majami'u da yawa. Ma'aikatan haƙar kwal da matalautan birane suka taru dubbai suna ji. Daga nan har shekara 50 da ɗoriya bai zauna ba. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi wajen sau 40,000. Ƙarfe 4 na asuba yake tashi, ƙarfe 5 ya yi wa'azin fari.

Mai irin wannan tafiya ba ya zaɓen abinci. A 1743 ya je ƙasar Cornwall tare da wani magini mai wa'azi, John Nelson. Makonni suna kwana a ƙasa, mutane suna jin wa'azi amma ba mai kiransu cin abinci. Sai ya tsai da dokinsa a bakin hanya ya tsinki 'ya'yan itacen daji ya ci, kamar yadda matafiyi a wajenmu zai tsinki magarya ko kanya, ya gode wa Allah da suke da yawa. A wata rana kuma masu arziki sukan kira shi teburinsu, ya ci kaɗan, ya yi taɗi da fara'a, lokaci na yi ya tashi. Ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa, yadda Bulus ya faɗa a kan kansa a Filibiyawa 4:12.

A Landan ya kama gidaje kusa da majami'arsa ya ajiye gwauraye tsofaffi da makauniya da yara matalauta. In yana gari, shi da sauran masu wa'azi a teburi ɗaya suke ci da su, abinci iri ɗaya. Ba a dafa wa shugaba tukunya dabam.

LITTAFIN MAGANI DA ZANCEN SHAYI

Ganin yadda matalauta suke mutuwa ba kuɗin likita, a ƙarshen 1746 ya buɗe wurin ba da magani kyauta a Landan. A 1747 ya buga wani ƙaramin littafi mai araha, Primitive Physick, wanda aka buga sau 23 tun yana da rai. A farkonsa ya jera ka'idodin zaman lafiya, yawancinsu daga Likita Cheyne. Ga kaɗan daga ciki. A ci abinci mai sauƙi, gwargwadon abin da ciki zai iya narkarwa. A rage abinci mai gishiri da yawa da mai kayan yaji da yawa. Mai aikin zama, irin malami ko magatakarda, oza 8 na nama da oza 12 na hatsi da ganye sun ishe shi yini da kwana. Ruwa ya fi kowane abin sha. A yi jibi mara nauyi, sa'a biyu ko uku kafin a kwanta. A kwanta da wuri a tashi da wuri. A motsa jiki kowace rana, tafiya a ƙasa kuwa ta fi. A tsabtace gida da tufafi. Ya ƙara da cewa fushi da baƙin ciki suna kawo ciwo, ƙaunar Allah kuwa tana kwantar da su.

Sai mu faɗi gaskiya, magungunan da ya jera a cikin littafin da yawa ba su da amfani, gama a zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ba. Kada kowa ya nemi littafin domin jiyya, asibiti ya fi. Amma ka'idodin ci da motsa jiki, likitocin yau ba su rushe su ba.

Zancen shayi kuma ya shafe mu, mu da muke da mai shayi a kowace tasha. Tun yana Oksfod ya lura hannunsa yana rawa bayan karin kumallo, in ya dakatar da shan shayi sai rawar ta daina. A 1746 ya ga mutanensa na Landan, matalauta, suna zuba kuɗinsu a ganyen shayi wanda yake da tsada ƙwarai a lokacin. Bai fara da yi musu wa'azi ba, ya fara da kansa. Ya bar abin da ya saba da shi shekara 26. Kwana uku kansa yana ciwo, yana gyangyaɗi da rana, sa'an nan ya warware. Waɗansu suka bi shi, aka tara kuɗin shayin aka taimaki mabukata. Bayan shekara 12 likitansa ya shawarce shi ya koma sha, ya kuwa koma ba gardama. Shayi ba zunubi ba ne. Abin da ya ƙi shi ne wani abu ya mallake shi, ko kuwa kwaɗayin baki ya cinye rabon matalauci.

A 1753 ciwon ƙirji ya kwantar da shi har ya rubuta abin da za a sa a kan kabarinsa. Likita ya umarce shi ya bar birni, ya huta, ya sha madarar jaka, ya hau doki kowace rana. Ya yi biyayya, ya warke, ya ƙara shekara 37 yana aiki.

ƘOSHIN WANI, YUNWAR WANI

A 1773 abinci ya yi tsada a Ingila, sai ya buga wata 'yar takarda a kan dalilin. Ya ba da labarin abin da ya sani: mace tana tsintar ruɓaɓɓen kifi a juji ta kai wa 'ya'yanta, wata tana tara ƙasusuwan da karnuka suka bari ta yi romo. Ya ce hatsi ya yi tsada domin ana mai da shi barasa. Abincin dabbobi ya yi tsada domin attajirai suna kiwon dawakin alfarma. Nama ya yi tsada domin a madafan manya ana ɓarnatar da abin da zai ciyar da gidaje da yawa. A ganinsa abin da ya yi yawa a akushin wani, daga akushin wani aka ɗebo shi.

Shi kansa kuɗi mai yawa ya bi ta hannunsa daga sayar da littattafai, amma bai tara ba. A 1776 ma'aikatan haraji suka rubuta masa, suna zaton babban mutum irinsa yana da kwanonin azurfa da bai bayyana ba. Ya amsa musu cewa cokulan azurfa biyu gare shi a Landan, biyu a Bristol, ba zai kuwa ƙara ba muddin akwai masu rashin gurasa kewaye da shi. A watan Janairu 1785, yana da shekara 81, ya yi kwana biyar yana yawo a titunan Landan cikin ƙanƙara yana roƙo, har ya tara fam 200 domin suturar matalauta.

Ya rubuta cewa a 1769 nauyinsa laba 122 ne, watau wajen kilo 55, a 1783 kuma bai ƙaru ko ya ragu da laba ɗaya ba. Mutum ne gajere, siriri, mai tsabta, mai saurin tafiya.

Ba mu ce ba shi da aibi ba. Aurensa na 1751 bai yi daɗi ba, yawan tafiyarsa yana cikin dalilan, matar kuwa ta bar shi. A makarantar da ya kafa a Kingswood a 1748 ya tsananta wa yara fiye da kima, ana tashinsu ƙarfe 4 na asuba, ba a kuma ba su lokacin wasa. Awon da ya dace da babba bai dace da yaro ba, a nan ya yi kuskure.

Babban baƙin cikinsa a tsufa shi ne mutanensa. Bishara ta raba su da giya da lalaci, suka yi ƙwazo, suka yi arziki. Da arziki ya zo sai suka bar azumi, suka ƙara cin daɗi, suka rage bayarwa. A wa'azinsa na 1789 ya yi kuka a kan wannan ƙwarai. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe ran 23 ga Fabrairu 1791. Kashegari ya aika wa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa shi ya yi ta yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu ran 2 ga Maris 1791 a Landan, yana da shekara 87. Bisa ga wasiyyarsa matalauta shida ne suka ɗauki gawarsa, aka ba kowannensu fam ɗaya. Ya bar mabiya fiye da 70,000 a Birtaniya, ban da na Amurka. A 1842 ɗaya daga cikin masu wa'azinsu, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagiri da bishara.

ABIN DA ZA MU KOYA

Wani zai ce, ina mu ina zancen zarin ci, mu da rashin tsaro ya hana da yawa zuwa gona a shekarun nan, 'yan gudun hijira suka cika garin Anka, yara masu tamowa kuma suna kwance a asibiti? Gaskiya ne. Maganar nan ba ta mai yunwa ba ce. Amma a majami'a ɗaya akan sami wanda ya kwana bai ci ba da wanda likita ya ce masa ya rage tumbi. Haka Ingila take a zamanin Wesli, haka kuma Koranti take sa'ad da Bulus ya tsauta musu a 1 Korintiyawa 11:21.

Na fari, jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kamar yadda 1 Korintiyawa 6:19-20 ta koya. Mu mutanen wannan ƙasa mun san abin da ke shiga baki yana iya kisa ba a ji ɗacinsa ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Sukari da gishiri da mai ba guba ba ne, amma in sun yi yawa shekara da shekaru sukan jawo ciwon suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, su ma ba sa sallama kafin su shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Kwalba ɗaya ta lemo mai zaƙi tana iya ɗaukar sukari ƙaramin cokali bakwai ko fiye. A lissafa kuma cokalin da ake zubawa a kofin shayi.

Na biyu, kada mu rena abincin gida. Gero da dawa da wake da gyaɗa, zogale da rama da kuka da kuɓewa, nono da kifin gulbi, daddawa a miya, waɗannan su ne irin abinci mai sauƙi da Wesli ya yaba. Wanda ya sami albashi ko ribar kasuwa ya bar su ya koma ga soye-soye da kayan kwalba, yana hawa babur zuwa inda dā yake takawa, ya sayi ciwo da kuɗinsa.

Na uku, mu tuna da manyan yaran makarantar nan masu ƙwace naman ƙanana. A gidajenmu da yawa maigida ne yake cinye tsoka da ƙwai, yara su sami romo. Yaro mai girma, da mace mai ciki, da mai shayarwa, sun fi maigida bukatar abincin nan. In za a rage, a fara daga akushin babba.

Na huɗu, mu masu hidima mu fara da kanmu. Fasto yakan ziyarci gida biyar a yini, kowane gida a kawo masa kwano, wani gidan ma kazarsu ɗaya tak suka yanka. Mu taɓa kaɗan mu yi godiya, mu koya wa jama'a ziyara ba ta bukatar yanka. A taron ekklesiya kuma a daina dafa wa manya tukunya dabam alhali gwauraye suna jiran saura.

Na biyar, mu komo ga azumi, gama Ubangiji Yesu ya koya mana yadda za mu yi shi a Matiyu 6:16-18, a ɓoye, ba domin idon mutane ba. Mai ciwon suga, da mai ciki, da mai shayarwa, da mai shan magani kullum, su nemi shawarar likita tukuna. Hatsin da ba a dafa ba ran azumi kada ya koma rumbu. A auna shi a kai wa wanda ba shi da shi, yadda Ishaya 58:7 ta nuna.

Ga shawararmu ga kowace ekklesiya a wannan kaka. Kafin a sayi shinkafa da naman Kirsimati, dattawa da zumuntar mata su zauna su rubuta gidajen da ba su yi noma bana ba, na masu bi da na maƙwabtanmu. Kowane gida mai hali ya rage mudu ɗaya daga abin da ya yi niyyar dafawa, ya kawo. Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, in ji mutanen dā.

A karanta Daniyel sura 1 da Galatiyawa 5:22-23 a sujadar gida a wannan mako. Ubangiji ya ba mu kamewa, ya ƙosar da mayunwata ta hannunmu, domin ko muna ci ko muna sha, a girmama sunansa. Amin.